Me ya sa babban tabon rana na 2014 bai yi amai ba?

A makonni biyu na ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2014, wani gungun baƙin tabo ya ratsa fuskar rana daga gefen gabas zuwa na yamma, wanda masu lura da rana ba su ga mai girmansa ba tun shekarar 1990. Faɗinsa ya yi kusan na duniyar Mushtari, wato ana iya jera duniyarmu wajen sau goma a kansa, kuma hukumar NOAA ta Amurka, wadda ke ba irin waɗannan yankuna lamba, ta sa masa 12192. Kafin ya ɓace ta gefen yamma ya yi walƙiya shida masu ajin X, wanda shi ne mafi girma a cikin azuzuwa biyar da ake auna walƙiyar rana da su, wato A da B da C da M da X, inda kowane aji ya ninka na ƙasansa sau goma. Masu hasashen yanayin sararin samaniya sun zauna cikin shiri, domin a bisa abin da aka saba gani, kusan tara cikin goma na walƙiya mai wannan aji suna zuwa ne tare da aman rana, wato wani makeken curin iskar gas mai zafi da rana ke wurgowa cikin sarari. Amma a cikin shidan nan ko ɗaya ba ta zo da amai ba, kuma duniya ba ta ga wata guguwar maganaɗisu ta a-zo-a-gani ba.

Shekara uku bayan haka, a farkon watan Satumba na 2017, lokacin da rana ta riga ta kama hanyar lafawa, wani yanki mai lamba 12673, wanda tabo ɗaya ne tilo da ba wanda ya damu da shi, ya rikiɗe cikin kwana biyu ya zama gungu mai sarƙaƙiya. Girmansa bai kai rabin na 2014 ba, amma ranar 6 ga wata ya yi walƙiyar da aka auna a lokacin a X9.3, wadda ta fi kowace ƙarfi a wancan zagayen na rana, ya kuma haɗa ta da amai wanda ya iso duniya. Ranar 10 ga wata, yana dab da ɓacewa ta gefen yamma, ya sake wurgo wani da gudun kusan kilomita 3,000 a daƙiƙa ɗaya. Duk wanda ya ajiye waɗannan yankuna biyu kusa da juna dole ya yarda cewa girman tabo da ajin walƙiya, waɗanda su ne kafofin labarai suka fi so su sa a kanun labari, ba su isa su gaya mana abin da zai faru ba. Amsar tana cikin siffar maganaɗisun da ke saman tabon, har da wanda ke can nesa da shi.

Ya kamata a fara raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Walƙiyar rana haske ce, galibi hasken eksire da wasu nau'o'in da ido ba ya gani, kuma tana isowa duniya cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi, domin abin da haske ke ɗauka ke nan kafin ya ci nisan kilomita miliyan 150. Aman rana kuwa abu ne mai nauyi, biliyoyin tan na iskar gas tare da maganaɗisun da ke cikinta, kuma yakan yi kwana ɗaya zuwa huɗu a hanya. Richard Carrington ya ga walƙiya da idonsa a Ingila ranar 1 ga Satumba 1859, sa'ad da yake zana hoton tabon rana, kuma ƙasa da awa 18 bayan haka wayoyin tangaraho a Turai da Amurka suka shiga tartsatsi, aka ga jan haske a sama har a ƙasar Kuba. Fiye da shekara ɗari aka yi ana ɗora wa walƙiya alhakin irin wannan ɓarna, saboda ita kaɗai ake gani. Ba a ɗauki hoton amai ba sai a watan Disamba na 1971, da tauraron ɗan'adam OSO-7, wanda ke ɗauke da na'urar da ke rufe fuskar rana don a ga abin da ke kewaye da ita. A 1993 Jack Gosling ya rubuta wata maƙala da ta tayar da ƙura, inda ya nuna cewa amai ne ke haddasa manyan guguwowin maganaɗisu a duniya. Abin da aka tsaya a kai yanzu shi ne, su biyun daga rushewar tsarin maganaɗisu ɗaya suke fitowa, sai dai wani lokaci ɗaya yakan zo ba tare da ɗayan ba.

Zafin rana ya kai matsayin da ƙwayoyin zarra suke rabuwa da ilaktiron ɗinsu, sai iskar ta zama abin da ake kira filasma, wadda lantarki ke bi ta cikinta cikin sauƙi ƙwarai. Hannes Alfvén, ɗan ƙasar Suwidin da ya sami kyautar Nobel a 1970, ya nuna cewa a cikin irin wannan iska layukan maganaɗisu da iskar suna manne da juna, ta yadda duk inda ɗaya ya nufa sai ya ja ɗayan. To, rana ba dunƙulen dutse ba ce da za ta juya gaba ɗaya lokaci guda: ƙugunta yana kammala juyi cikin kwana 25, kusa da ƙuryoyinta na arewa da kudu kuwa sai wajen kwana 35. Wannan bambanci yana jan layukan da ke ƙarƙashin fuskar rana, yana naɗe su a jikinta shekara da shekaru, har su taru su yi kauri. Eugene Parker ya bayyana a 1955 cewa idan damin layuka ya yi ƙarfi sosai, iskar da ke cikinsa takan fi ta kewaye sauƙin nauyi, sai damin ya taso ya huda fuskar rana, ya lanƙwasa kamar baka. Wurare biyun da ƙafafunsa suka huda su ne tabo biyu, ɗaya layukan ke fitowa ta cikinsa, ɗayan kuma ta nan suke komawa.

George Ellery Hale ne ya tabbatar a 1908, a dutsen Wilson da ke Kalifoniya, cewa tabon rana matattarar maganaɗisu ce, bayan ya ga layukan hasken da ke fitowa daga tabo suna rabuwa yadda Pieter Zeeman ya nuna maganaɗisu ke raba su. Ƙarfin da ke tsakiyar babban tabo yakan kai gaus 3,000, alhali na duniyarmu, wanda ke juya allurar kamfas, wajen rabin gaus ne. Wannan ƙarfi yana hana zafi tasowa daga ƙasa, shi ya sa tabon ke tsayawa a wajen digiri 3,500 zuwa 4,000 a ma'aunin Salshiyos, kewayensa kuma na 5,500, sai ya fito baƙi a ido. Manya daga ciki ana iya hango su ba tare da na'ura ba idan hazo ya dusashe rana, ko da yake ba na ba kowa shawarar gwadawa, domin hazo ba ya tare hasken da ke ƙona ido. Yawan tabo yana hawa yana sauka cikin shekara 11, kamar yadda Heinrich Schwabe ya fara lura a 1843, kuma Hale da abokan aikinsa sun gano cewa a kowane zagaye gefen fita da gefen shiga suna musayar wuri, don haka cikakken zagayen maganaɗisun rana shekara 22 ne.

A ƙarƙashin fuskar rana iska ce mai nauyi, ita ke jan layuka inda ta ga dama. A sama kuwa, cikin kambin rana, inda zafi ya haura digiri miliyan ɗaya amma iskar ba ta da kauri, maganaɗisu ne ke da iko, iska tana bin duk hanyar da ya shimfiɗa. Waɗanda suka ga husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda duhunsa ya bi ta kan Gusau da Katsina da Maraɗi, sun ga wannan kambi da idonsu a cikin 'yan mintocin da wata ya rufe rana ruf: farin haske mai dogayen harsuna a ɓangarori biyu na ƙugu, da gajerun gashi-gashi a sama da ƙasa. Waɗannan harsuna siffar maganaɗisu ce iska ta cika ta fito fili. Gindin kowane harshe rufaffun layuka ne masu siffar baka da ke riƙe da iska, bakinsa kuma ya miƙe ya shiga sarari, kuma daga ƙarƙashin irin waɗannan harsuna ne amai da dama ke ɓallowa.

Matsalar kambi ita ce ƙafafun layukansa suna kafe a ƙasa, inda iska ba ta daina motsi. Duk wanda ya taɓa kallon mai tufkar igiyar rama ya san abin da ke faruwa idan aka ɗaure baki ɗaya aka yi ta murɗa ɗayan: igiyar takan yi tauri, can sai ta ƙi miƙewa, ta lanƙwashe ta naɗe kanta, in kuma aka sake ta sai ta warware da ƙarfin da aka daɗe ana zuba mata. Haka layukan kambi suke tara ƙarfi, ko dai saboda tabbai suna juyawa suna goga juna, ko kuma saboda damin ya taso daga ƙasa da murɗinsa tun asali. Wannan ne ya sa masana ba sa tambayar yawan maganaɗisun da ke yanki kawai, suna tambayar nawa ne daga cikinsa ke a murɗe, domin bambancin da ke tsakanin murɗaɗɗen tsari da tsarin da ya kwanta lafiya shi kaɗai ne ƙarfin da za a iya saki. Ana yin kwanaki ko makonni ana tara shi, a sake shi cikin mintoci, kuma a walƙiya mafi girma ya fi abin da duk mutanen duniya za su yi amfani da shi na makamashi cikin shekara dubu goma.

Wurin da ya kamata mai kallo ya sa wa ido shi ne layin iyaka, wato inda gefen fita ya haɗu da gefen shiga. A yankin da ke zaman lafiya, layukan maganaɗisu suna tsallake wannan iyaka a miƙe daga gefe zuwa gefe. Idan gefunan biyu suka yi ta zamewa, ɗaya gabas ɗaya yamma, layukan sukan karkace har su kusa kwantawa a kan iyakar, kuma a nan ne igiyar maganaɗisu ke haɗuwa, wato damin layukan da suka nannaɗe juna. Sau da yawa igiyar tana ɗauke da iska mai sanyi, wadda ba ta wuce digiri dubu goma ba amma ta fi ta kewaye kauri wajen sau ɗari, kuma ita ce ake gani kamar baƙin zare a fuskar rana, ko kamar jan harshen wuta idan ta zo gefe. Mafi hatsarin tabo shi ne wanda ake kira delta, inda gefen fita da gefen shiga suka matsu a cikin inuwa ɗaya, iyakar da ke tsakaninsu ta yi kaifi. Abin da ya faru a Satumba 2017 ke nan: sabbin damuna sun taso da sauri suka ci karo da tsohon tabon da ke tsaye, suka nannaɗe a jikinsa, iyakar ta yi tsawo ta kuma murɗe matuƙa. Kumbon Yohkoh na Japan, wanda aka harba a 1991, ya nuna cewa yankunan da suka kai wannan hali sukan fito a hoton eksire da siffar harafin S, kuma irinsu sun fi sauran yawan amai.

Sakin ƙarfin yana faruwa ne ta hanyar tsinkewa da sake ƙulluwa. Idan layuka biyu masu fuskantar saɓanin juna suka matsu a wani siririn wuri, mannewar da Alfvén ya bayyana takan karye a nan, layukan su tsinke, kowane guntu ya ƙulla da na ɗaya ɓangaren, sabbin layukan kuma su fizge da gudu suna watsa iska da zafi. Ronald Giovanelli ya fara kawo wannan tunani a 1946, Peter Sweet da Parker suka yi masa lissafi, amma lissafinsu ya ba da saki mai jinkirin da bai dace da walƙiya ba, sai a 1964 Harry Petschek ya nuna hanyar da abin zai yi sauri. Hoton da aka gina daga baya, daga ayyukan Carmichael da Sturrock da Hirayama da Kopp da Pneuman tsakanin 1964 da 1976, shi ne wanda ake koyarwa har yau. Igiya tana tasowa, tana jan layukan da suka lulluɓe ta. Ƙafafun waɗannan layuka suna matsowa kusa da juna a ƙarƙashinta har su tsinke su sake ƙulluwa. Rabin sama yana naɗewa a jikin igiyar ya ƙara mata kauri, rabin ƙasa kuma yana komawa ya zama jerin bakan wuta. Ilaktiron da aka ingiza suna gangarawa ta ƙafafun su daki iska mai kauri, sai a ga dogayen layukan haske biyu a gefunan iyaka suna nesanta da juna a hankali. Kowane layin da ya tsinke yana rage abin da ke riƙe da igiyar, ita kuma tana ƙara gudu tana jawo wasu layukan zuwa wurin tsinkewa, shi ya sa lokacin da amai ke ƙara gudu yakan zo daidai da lokacin da walƙiya ke hawa.

A nan ne labarin 2014 ya warware. Igiya ba a fili take ba, a saman ta akwai rufin maganaɗisu, wato manyan layukan da suka taso daga gefen fita suka faɗa gefen shiga suna danne duk abin da ke ƙasa. Igiyar tana tura kanta sama saboda lantarkin da ke gudana cikinta, rufin yana mayar da ita, kuma abin da ke raba gardama shi ne saurin da ƙarfin rufin ke raguwa yayin da ake hawa. Bernhard Kliem da Tibor Török sun yi lissafin wannan a 2006, kuma a sauƙaƙe sakamakon shi ne: idan igiya ta kai tsayin da ninka shi sau biyu zai rage ƙarfin rufi zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, to babu abin da zai sake tsayar da ita. Tsayin da ake kaiwa wannan matsayi ya danganta da nisan da ke tsakanin manyan tabban yankin, ta yadda duk lokacin da suka yi nisa da juna, rufin yakan yi tsawo, ƙarfinsa ya daɗe bai ragu ba. Yankin 12192 yana da manyan tabbai masu nisa da juna da rufi mai kaurin gaske, murɗin da ke kan iyakarsa kuwa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da girman yankin, kamar yadda Xudong Sun da abokan aikinsa suka nuna a 2015 da ma'aunin kumbon SDO mai lura da rana. Wato girman nan da ya firgita mutane shi ne ya danne shi. Layuka sun tsinke sun ƙulla, haske ya fita, amma iskar ta zauna inda take. Abin da ya ƙara tabbatar da wannan bayani shi ne, amai da aka gani daga yankin a waɗannan kwanaki ya fito ne daga wata walƙiya mai ajin M da ta tashi a can gefe, inda rufi ke da rauni kuma buɗaɗɗun layuka ke kusa.

Rufi kuma ba sai an fi shi ƙarfi ake wuce shi ba, ana iya yaye shi. Spiro Antiochos da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa idan yanki yana da gefuna huɗu ko fiye, akwai wani wuri a can sama inda layukan yankin ke fuskantar saɓanin manyan layukan da ke kewaye, kuma tsinkewa a wannan wuri tana kwashe rufin layi bayan layi tana mayar da shi gefe. Ronald Moore da nasa abokan aikin sun fi ba da ƙarfi ga tsinkewar da ke farawa a ƙasa, wadda ke yanke layukan da suka ɗaure igiyar tun tana kwance. An daɗe ana ja-in-ja a kan wanne ne ke farawa, amma ni a ganina hotunan SDO, wanda tun 2010 yake ɗaukar fuskar rana duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, sun nuna cewa rana ba ta bin hanya ɗaya, kuma sau da yawa wata hanyar ce ke ɗaga igiyar a hankali har ta kai tsayin da wata za ta karɓa. Akwai ma waɗanda ke tasowa da gudu, su yi tsawo, rufi ya tare su, a ga iskar tana zubowa ta koma inda ta fito.

Idan rufi ne ke yanke hukunci, to abin da ya taɓa rufi daga nesa yana iya tayar da yankin da ba a yi zato ba. Ranar 1 ga Agusta 2010, SDO da kumbuna biyu na STEREO, waɗanda ke kallon rana ta gefuna daban-daban, sun ga walƙiya da ɓallewar zare da amai sun biyo juna fiye da sau goma cikin kusan awa 28, a faɗin rabin rana. Karel Schrijver da Alan Title sun bi sawun layukan suka gano cewa wuraren, duk da nisan dubban ɗaruruwan kilomita da ke tsakaninsu, suna haɗe ta manyan layukan kambi, ta yadda tashin ɗaya ke sassauta rufin na gaba. Ban da wannan, dogayen zare da ke kwance nesa da kowane tabo, a kan iyakokin tsohon maganaɗisun da ya watse, suna ɓallewa su zama amai da ɗan haske kaɗan ko babu. A watan Yuni na 2008 STEREO ya ga wani amai daga gefe wanda bai bar wata alama a fuskar rana ba ga mai kallo daga duniya. Boon Chye Low ya daɗe yana cewa amai wajibi ne ga rana, domin tsinkewa da ƙulluwa tana sakin ƙarfi amma ba ta kashe murɗi, don haka dole a fitar da shi waje. Adadin ya dace da haka, tunda a lokacin lafawa ana samun amai wajen ɗaya cikin kwana biyar, a lokacin ganiya kuwa wajen uku a yini.

Amai na farko yana share wa na biyu hanya, a kambi da kuma cikin sarari. Ranar 23 ga Yuli 2012 wani amai ya daki kumbon STEREO-A cikin ƙasa da awa 19 da barinsa rana, gudun da ya yi kusa da na zamanin Carrington, kuma binciken da aka yi ya nuna cewa wani da ya riga shi da 'yan kwanaki ne ya kwashe iskar da za ta rage masa gudu. Duniya ba ta kan hanyarsa, mun dai tsallake rijiya da baya. A watan Mayu na 2024 kuwa muna kan hanya: yanki mai lamba 13664, wanda sabbin damuna suka yi ta tasowa a cikinsa har ya haɗe da maƙwabcinsa, ya wurgo amai da dama a jere, suka cim ma juna a hanya, suka iso ranar 10 ga wata da guguwar maganaɗisu mai matakin G5, wato mataki mafi tsanani a ma'aunin irin waɗannan guguwowi, irin wadda ba a gani ba tun Oktoba 2003. An ga hasken sama har a Meziko, kuma manoma a tsakiyar Amurka sun dakatar da shuka saboda taraktocinsu masu bin GPS sun rikice. Wannan yanki babba ne kamar na 2014, amma cike yake da iyakoki masu kaifi da gefuna barkatai, saboda haka girma bai danne shi ba.

Mu da muke kusa da ƙugun duniya, rabonmu daga wannan al'amari ya fi zuwa ta rediyo. Hasken eksire na babbar walƙiya yana cika ƙasan sararin da ke mayar da zangon rediyo da caji, a tsayin kilomita 60 zuwa 90, sai wannan sashe ya shanye gajeren zango maimakon ya bar shi ya wuce, a duk ɓangaren duniya da rana ke haskawa. Mai sauraron shirin rana a gajeren zango zai ji tasha ta dusashe farat ɗaya, ya murɗa ya tarar da maƙwabtanta ma shiru, bayan mintoci ko awa guda kuma su dawo da kansu. Wannan aikin walƙiya ne ita kaɗai, ko da amai ko babu, kuma shi ne ya katse sadarwar masu aikin agaji a yankin Karibiyan a Satumba 2017, daidai lokacin da guguwar Irma ke ɓarna. Ɓarnar wayoyin lantarki kuwa ta amai ce. Ranar 13 ga Maris 1989 layukan wutar lardin Kwibek a Kanada sun faɗi cikin kusan daƙiƙa 90, mutum miliyan shida suka yi awa tara babu wuta, kuma guguwar 2003 ta lalata manyan taransifoma a Afirka ta Kudu. Ƙaramar guguwa ma tana da nata: a Fabrairu 2022 wani amai da ya biyo walƙiya mai ajin M kawai ya kumbura saman iskar duniya, taurarin ɗan'adam na Starlink 38 cikin 49 da aka harba suka faɗo.

Ko amai ya nufo mu kai tsaye, tsananin abin da zai yi ya rataya ne a kan fuskar da maganaɗisun cikinsa ke kallo. James Dungey ya bayyana a 1961 cewa layukan maganaɗisun duniya a ɓangaren da ke fuskantar rana suna kallon arewa, don haka idan na amai suka zo suna kallon kudu, tsinkewa da ƙulluwa iri ɗaya da ta kambi takan faru a ƙofar duniya, ƙarfi ya kwararo ciki. Idan kuwa arewa suke kallo, yawancinsa yakan zame ya wuce. Wannan fuska gadon igiyar ce tun daga kan iyakar da ta kwanta a rana, sai dai tana iya juyawa yayin da take kutsawa ta cikin rufi, tana kuma iya karkata idan ta goga da wani amai a hanya. Na'urorin yanzu suna auna maganaɗisu da kyau a fuskar rana, amma na kambi, wanda shi ne ke yanke duk waɗannan hukunce-hukunce, galibi lissafa shi ake yi da kwamfuta daga ma'aunin ƙasa. Tabbataccen awo ba ya samuwa sai amai ya iso kumbunan da ke tsaye a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, irin su ACE da DSCOVR, kuma daga nan zuwa isowarsa minti 15 ne zuwa awa ɗaya, gwargwadon gudunsa. Madubin hangen nesa na Inouye da ke Hawai, mai faɗin mita huɗu, ya fara auna maganaɗisun kambi kai tsaye a gefen rana, kuma hukumar sararin samaniya ta Turai tana shirya kumbon Vigil, wanda zai tsaya a bayan duniya a kan hanyarta ta kewaya rana, inda zai riƙa ganin yankuna kwanaki kafin su juyo su fuskance mu, ya kuma kalli amai daga gefe yana tahowa.